Lambar da Aka Goge a Illela

Na tafi Illela neman mutum, na dawo da guntuwar tagulla.

Mun tashi da asuba daga tashar Ƙonni, ni da wani ɗan kasuwa na Yamai mai tara wa Nasara lambobin tsofaffin soja. Shi ke saye, ni ke dubawa. Ban yi karatun lakwal ba, amma na yi wa Faransi soja a yaƙin Indoshin, na san kowace lamba da rundunar da ta ɗaura ta. Mai ƙugiyar jirgin ruwa tamu ce, ta Faransi. Mai itacen dabino ta Ingilishi ce, daga ƙetaren iyaka take shigowa.

Ba don ɗan kasuwar na bi hanyar ba. Ran da harsashi ya same ni a ƙafa, wani soja ya goya ni har bakin kogi. Dogo muke ce masa, ɗan ƙasar Illela. Ban san sunansa na yanka ba. Na dai san ya zana ƙafar zabo da wuƙa a bayan lambarsa, a gabana ya yi.

A Tsarnawa muka sha fura, mota cike da warin albasa. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ƙwaryar fura ma ta rame. A Malbaza aka kawo mana maɓallin wandon jandarma, mai shi na rantsuwa na kakansa ne. Can wani direba ya ce akwai tsohon soja dogo da ya rasu bara a wani ƙauyen Illela, kayansa na wurin matarsa. Muka aika mata muna tafe. Daga Badagishiri hanyar jar ƙasa ce, ƙafar tawa ta sha wuya.

Tsohuwar ta fito da lambar a kan faifai, tana ƙyalli kamar sabon kwano. Da tsamiya da yashi ta dirje ta, gaba da baya. Ƙugiyar na nan. Rubutun runduna da ke jikinta ya goge. Na juya bayanta, sumul.

Na ce, “Baiwar Allah, mi kika yi mata?”

Ta ce, “An ce baƙi na tahe. In hiddo kayan maigida da dauɗa?”

“Akwai zane a baya?”

“Akwai ƙarce-ƙarce. Sun ba ni wuya kahin su hita.”

Na tambaye ta ko ya taɓa zancen wanda ya goya. Ta ce bai taɓa zancen yaƙi ba, ko da ’ya’yansa.

Ɗan kasuwar ya ce wannan ba ta da mai saye. Tsohuwar ta tura mini faifan, na ɗauka. Na je kabarin na yi addu’a, ban san ko Dogo nake yi wa ba.

Da ba mu aika ba, da na sani. Yanzu ina Ƙonni, a rumfata ta bakin tasha. Lambar na cikin aljihuna, kuma na daina tambayar direbobin Illela.