Dutse Ɗaya a Bayan Makara

Ku gyara zama in ba ku labarin Malam Halliru mai haƙar kabari, mutumin wani ƙauye da ke gindin duwatsu a ƙasar Roni. In ka gan shi a kasuwa ba za ka waiwaya ba. Gajere ne, siriri, hularsa kullum a karkace, kuma ba ya son dogon zance. Wurin kawunsa ya gaji haƙa tun yana saurayi, har ana tsokanarsa wai ya fi sanin mutanen garin da ke ƙasa a kan waɗanda ke sama.

Bayan makabartar akwai wani kwari da ruwan dutse ke bi. Da can ɗan rami ne, akuya ma tsallake shi take yi. Abin da ya girmar da shi kuwa, wallahi alheri ne. Al'adar garin, da an yi rasuwa sai samari su ɗauki gatari su nufi bakin kwarin, su saro itacen da za a jera a rufe kabari. Nan ne kusa, kuma aikin lada ne, wa zai hana? A haka marke da ƙirya suka ƙare, ƙasa ta rasa saiwar da za ta riƙe ta, kwari ya yi ta ci yana matsowa.

Da matarsa Sadiyya ta rasu, da hannunsa ya haƙa mata, a layin ƙarshe. Daminar da ta biyo baya ruwa ya zabtare gaɓa, aka ga likkafanin wani tsohon kabari a fili. Aka sake suturta mai shi, kowa ya koma gida jiki a sanyaye. Halliru bai koma ba. Ya tsaya yana duban abin da ya rage tsakanin bakin kwarin da Sadiyya, ya ga bai wuce a shimfiɗa tabarma a yi salla ba.

Sai ya sami Liman Muhammadu Lawal a zaure, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, kwarin nan zai kwashe mana mutane."

"An kai kuka wajen hukuma, Halliru. Sun ce za a zo a duba."

"Allah Ya kawo su. Kafin nan ina da roƙo. Duk wanda zai raka gawa ya riƙo dutse ɗaya. Kuma a bar sarar itace a bakin kwari."

"To da me za mu rufe kabari?"

Amsar tana gidan Dela mai ginin tukwane, taubashiyarsa. Tana hango shi ta ce, "Kai, mai jiran mutuwarmu! Yau wa ka zo aunawa?"

"Ke dai ba yanzu ba, ƙasa ba za ta iya da surutunki ba. Tukwanen da suka tsage a wuta nake so."

Ta yi dariya, amma da ta ji dalili sai ta nuna masa tarinsu a bayan ɗaki. Tun daga wannan rana, da tukwanenta ake rufe kabari.

Dutsen ne ya sha ba'a. Samari suka ce, "Baba, gawa za mu ɗauka ko dutse?"

Ya ce, "Makara ai ba ta ɗaukar hannun gari duka. Ku da kuke biye, me hannuwanku suke yi?"

Aka fara, wasu don kunyar Liman, wasu don kada a ce. Ya tara duwatsun ya gina katanga a inda kwarin ya fi zurfi. Ruwan farko ya zo ya watsar da ita kamar wasan yara. Ranar an ga Halliru zaune a bakin gaɓa, ko gaisuwa ba ya amsawa. A nan Abu, wani makiyayi da ke kai shanu har ƙasar Nijar, ya same shi. Ya ce shi dai abin da ya gani a can, ba a tarar ruwa bayan ya yi ƙarfi. Daga sama ake farawa, a jera duwatsu gajeru, layi bayan layi, a dasa gamba a bayansu. Halliru ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya koma tsintar duwatsunsa, yana jera su daga sama yadda Abu ya faɗa.

To, nan ne abin ya wuce shi kansa. Mata ba sa zuwa makabarta, amma sai aka fara ganin dutse a ƙofar kowane gida ranar jana'iza, an aje wa mai wucewa. Masu zuwa ta'aziyya daga Gwiwa da Kazaure suka ji labari, sai ka ga dattijo a bayan babur, rungume da dutse a kan babbar rigarsa. Sunday mai walda, da ba ya shiga sahun salla, ya kan tsaya gefe da nasa a kafaɗa har a idar. Ruwan da ya rage bayan an kwaɓa ƙasar kabari kuwa, gindin sabon dashen da ke bakin kwari ake zuba shi.

Bara, a tsakiyar damina, aka yi wani ruwa bayan la'asar wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Yana tsagaitawa Halliru ya fita ko takalmi babu, gari ya bi shi. Abin da suka tarar, har yau in ana faɗa sai an yi salati. Ruwan nan da ya saba zuwa da ruri, ga shi yana saukowa layi-layi kamar tsoho a kan matakala, kowane layi ya karɓe masa laka. Layi biyu sun ɓalle, sauran sun tsaya. Gaɓar da ke kusa da Sadiyya ko ɓantarewa ba ta yi ba, har laka ta kwanta a ƙarƙashinta.

Liman ya dafa kafaɗarsa. "Halliru, ka gani?"

Halliru ya nufi kabarin Sadiyya. Ya tsuguna ya gyara wata ƙaya da ruwa ya kawar daga kan kabarin, ya yi wa matarsa addu'a. Sannan ya ɗago ya dubi wuraren da suka ɓalle.

"Malam, wa ke da dutse a kusa?"