Ranar da Baba Ya Ɗauki Garma

Jikokina sun ce ƙorafi ya yi mini yawa, kuma ba su yi mini ƙarya ba. Da sun kunna rediyon nan tasu a tsakar gida nake farawa: wannan kiɗa ne, ko akuya ce ta shiga cikin kwanoni? Su yi ta dariya. Babbarsu, wadda take ce mini angonta, ta ce, "Haba tsoho, ku ai komai na zamaninku ya fi daɗi, har ciwon haƙori." Nakan kore ta da sandata, amma daga nan sai bakina ya mutu. Ba su san cewa a garin nan na Keffi an yi shekarar da ni ake nunawa da baki, ana cewa ga wanda ya lalata kiɗa ba.

Babana makaɗin gangar noma ne. Gidanmu yana Gangaren Tudu, kuma daga nan har gonakin bayan Tudun Ƙofa ba a yin gayya sai an zo an durƙusa a zaurenmu. Yaran yanzu ba su san gayya ba. Mutum ne zai ga aikin gonarsa ya fi ƙarfinsa, sai ya gayyaci majiya ƙarfin unguwa, a tuƙa tuwo, a dama kunu, a taru a yi masa huɗa rana ɗaya. Kowa da layinsa, a jeru kafaɗa da kafaɗa, ganga tana tafe da su, 'yan mata suna gefe suna tafi. Abin da kowane namiji yake tsoro shi ne a tarbe shi, wato a bar shi a baya har waɗanda suka kai ƙarshen gona su juyo su kama layinsa daga can, su haɗu da shi a tsakiya. Wanda aka tarba, 'yan mata sa shi suke yi a waƙa, kuma waƙar takan bi mutum har ya yi furfura. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin an tarbi kowa ba, labari kawai nake ji. Na ɗauka mazan garinmu ne duk ƙarfafa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. In yana son abu sai ya gaya wa Inna, ina zaune ina ji: "Ce wa ɗanki ya shanya fatar nan." Haka na koyi kiɗa, rabi ta bakin Inna, rabi ta kallon hannunsa. Ya koya mini taken kowane manomi, kiɗan da in mutum ya ji ya san da shi ake. Amma in faɗi gaskiya, kiɗansa ya gundure ni tun ina saurayi. Nauyi gare shi. Dum, sai ka yi hamma kafin wani dum ɗin ya zo. Ga shi ba ya tsayawa a gaba inda jarumai suke, inda 'yan mata za su gan shi. Kullum yana can baya wajen masu tari da masu ciwon ƙugu, abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Turawa ba su daɗe da zama ba suka yi yaƙinsu da Jamus, aka ce kowace unguwa ta ba da masu ɗaukar kaya. Aka sa da ni. Damina biyu na yi ina bin soja da akwati a ka, wahalar da na sha ba ita na zauna faɗa ba. Abu guda na samo a can wanda ya shiga raina, shi ne badujala, kiɗan soja. 'Yar ganga ce a rataye a ƙugu, sanda biyu, ga bigila tana tsage sama. In suka fara, ko ƙafarka ta kumbura sai ka ji ta ɗaga da kanta. Har yau in na tuna sai yatsuna su motsa a kan gwiwa. Duk wanda ya ce kiɗan nan ba shi da daɗi, bai ji shi ba ne.

Da na dawo gida sai na samo garwar kananzir da sanduna biyu. Bayan la'asar nakan zauna a dandali in saki hannu. Kafin sati biyu samarin unguwa uku sun haukace, ana tafiyar soja ana ƙamewa, har da masu ɗaure tsumma a ƙwauri. Tsofaffi kuwa suka sa ni gaba. Wanzamin da ke kusa da mu, yana aske ni yana danna mini kai, ya ce, "Kiɗan da ba ya kiran kowa, bai san uban kowa ba, shi ne kiɗa? Kun kashe abin da aka bar muku." Inna ce ta taɓa raɗa mini tana dariya, wai Baba ma da ya fara, kakana cewa ya yi ya mayar da gangar noma kiɗan 'yan mata. Wannan magana ta ƙara mini girman kai ba kaɗan ba.

Da damina ta yi tsaka, wani mai sayar da yadi a Tudun Ƙofa ya sa ranar gayya a babbar gonarsa ta dawa da ke hanyar Panda. Samari suka aika masa cewa in ba badujala za a kaɗa ba, ya nemi tsofaffi su yi masa huɗar. Bawan Allah ya zo zaurenmu da goro, ya gaida Baba, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar iyali. Da ƙyar maganar ta fito. Ina bayan zana ina ji. Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gangar, ya ajiye ta a bakin ƙofar ɗakina, ya koma ya raka baƙonsa har waje. Murna na yi. Yau in na tuna murnar nan sai in ji na tsani kaina.

Ranar gayya da hantsi gona ta cika. Ga samarinmu, ga Gwandara daga ƙauyukan kusa, ga matan Fulani sun sauke ƙoren nono a gindin ɗorawa. Na rataya gangar Baba a ƙugu irin na soja, na riƙe sanda biyu. Ana cikin jeruwa sai na ga mutane suna darewa. Baba ne, ya ɗaure bante a kan wando, da garmar da ya aro wajen wanzami a kafaɗa. Mutumin da ban taɓa gani ya yi huɗar layi ɗaya ba.

Mai gona ya ruga ya tare shi. "Haba Baba, ai ga tabarma can a inuwa an shimfiɗa maka."

Baba ya ce, "Shekara talatin ina cin tuwon gayya da gumina. Ba yau zan fara cinsa a zaune ba." Ya je ƙarshen jeri ya kama layi.

'Yan mata suka fara tafi, sai na shige gaba na juyo na fuskanci samari, na saki badujala. Kai, ranar an ga aiki! Garemani suna tashi suna sauka kamar hannu ɗaya, ƙasa tana juyewa baƙa wuluk, ina ja da baya suna biyo ni. Wani ƙato, ɗan mahauta, shi ne a gaba, yana huɗa yana ihu. Ni kuwa ji nake duk Keffi ba wanda ya kai ni. Ban ɗaga kai ba sai da muka kusa tsamiyar da ke iyakar gona.

Da na duba sai na ga jerin ya tsinke. Can baya akwai wani Bagwandare mai tari, a bayansa wani dattijo. A bayansu duka, nesa, ko rabin gona bai kai ba, Baba ne. Yakan ɗaga garmar ta tsaya a sama kamar ba za ta sauko ba. Hannun makaɗi ne, kantarsa ba a wurin ƙota take ba, daga inda nake ina ganin yana shafa tafinsa a bante. Na dubi 'yan mata. Sun daina tafi, suna kallon juna, mai ba da waƙarsu tana gyara murya. Saura taki kaɗan ɗan mahauta ya kai tsamiya ya juyo, kuma layin da zai kama na ubana ne.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na yar da sanda ɗaya, na ratsa tsakanin layuka da gudu na koma baya, na tsaya kusa da shi. Bai dube ni ba. Na zuba wa garmarsa ido: in ta sauka in buga, in ta tashi in jira. Dum. Na jira. Dum. Sai da na yi haka sau biyar ko shida kafin kunnena ya gaya mini abin da nake kaɗawa. Kiɗan Baba ne, wanda yake sa ni hamma.

Na gaba suka rage sauri dole, don hannu ba ya iya saɓa wa ganga. Amma tazarar ta yi yawa, ko a hakan sai sun riga shi. Sai hannuna ya tuna abin da aka koya masa, na kaɗa taken ɗan mahauta. Gogan naka ya tsaya cak, ya ɗaga garma sama, ya juyo yana kirari, yana kiran kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa. Kafin ya gama yabon kansa Baba ya ci taki goma. Na kaɗa taken na biyu, shi ma ya tsaya ya yi nasa. Na bi su haka har na shida, wasu ma sau biyu. A nan na gane dalilin da ya sa ban taɓa ganin an tarbi kowa ba. Ashe duk shekarun nan Baba yana tsayar da ƙarfafa da daɗin sunansu ne, don mai tari ya iso.

Tare aka kai tsamiya, ko kuma kusan tare. Baba ne na ƙarshe da taki uku, ba wanda ya taɓa layinsa. Wajen cin tuwo samari suka yi ta mita, ina badujalar da aka yi musu alkawari? Na ce gobe a dandali. Na ci gaba da kaɗa musu ita a garwa shekaru, ban daina sonta ba. Shi ya sa in na gama zagin rediyon jikokina nakan yi shiru. Mai yiwuwa kiɗan nasu yana da daɗinsa, kunnena ne ya tsufa. Abin da yake damuna kawai, wanda yake kaɗawa a cikin akwatin ba ya ganin mai sauraro, balle ya san wa aka bari a baya.

Ko da gangan Baba ya ɗauki garmar nan don ya koya mini, ko zuciya ce kawai ta ɗebe shi, har ya rasu ban sani ba, ɗan fari ba ya irin wannan tambaya. Da muka koma gida kafin magariba, na tarar Inna tana shafa masa man kaɗanya a tafin hannu, duk sun yi bororo sun fashe. Na ajiye gangar a ƙofar ɗakin Baba. Ya dube ta, ya ce wa Inna, "Ce wa ɗanki ya mayar da ita ɗakinsa." Na sunkuya zan ɗauka, sai na ji ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa:

"Ki kuma ce masa, shekara talatin ina yi wa na baya kiɗa, ban san yadda yake ji ba in ganga ta dawo ta tsaya kusa da shi, sai yau."

Inna ta buɗe baki za ta maimaita mini, kamar yadda ta saba, sai ta kasa.