Jimloli Goman da Mai Agogo Ya Rubuta

Masinja na cikin goge teburin oga aka kira shi a waya: Mai Agogo ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Ya yi salati, ya zauna da tsumman a hannu. Kunya ce ta riga hawaye zuwa.

Shekara talatin Mai Agogo ya yi a bakin ƙofar kasuwa da ɗan akwatinsa na gilashi. Duk agogon da ya gyara sai ya kara shi a kunne ya ce, "Ya farfaɗo." Da akwatin nan ya reni 'ya'ya biyar. Bai taɓa shiga aji ba, sai da aka ce wa amininsa masinja a ofis ko ya kawo takardar shaidar Turanci ko a sallame shi.

"Mu je ajin manya tare," in ji Mai Agogo, "kada ka tsufa a benci kai kaɗai."

Ashe shi ne mai kan karatun. Makon da aka koya musu yadda ake cewa "ni da kaina" da "ita da kanta" a Turanci, kan masinja ya ɗaure tamau. Mai Agogo ya rubuta jimloli goma, ya ba shi ya kwafa.

Malama ta ɗaga littattafan biyu a gaban aji. Iri ɗaya, har kuskuren.

"Wa ya kwafi wani? Ba zai zauna jarrabawa ba."

Masinja ya kafa wa takalminsa ido. Mai Agogo ya miƙe.

"Ni ne, Malama. Tsufa ne."

Aji ya kwashe da dariya. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake komawa ba. Masinja ya samu takarda, aiki ya tsira. Shekara shida yana zagayawa ta wata ƙofar kasuwar don kada su haɗu.

Watan jiya agogonsa ya tsaya, ya daure ya je. Wannan ne ganinsu na ƙarshe.

"Ɗan boko! Ɓatan hanya ka yi?"

"Mutumina, maganar ajin nan..."

"Batir ne kawai." Ya kara agogon a kunne. "Ya farfaɗo. Ka dawo Asabar ka faɗa mini da Turanci."

"Zan dawo, in sha Allahu."

"Da kanka fa. Kada ka aiko masinja."