Motar Baba da take mutuwa kafin a ƙirga biyar

Saura kwana tara Inna ta fita takaba ta kira ni ɗakinta, ta ce idan ranar ta zo tana so in kai ta Kirikasamma wajen 'yan'uwanta, kuma a motar Baba take so a je. Na ce to. Amma ni da ita mun san shekara biyu ke nan motar ba ta fita daga rumfarta ba, kuma kowa a gidan ya ɗauka ni ne sanadi.

Tsohuwar mota ce, ta girme ni da shekara ɗaya. Baba ɗan masunta ne, sai daga baya ya bar ruwa ya kama sayar da tattasai a Haɗeja, da wannan ya saye ta hannu na biyu. Ba ta da kafireta irin ta motocin zamaninta. Famfo ne yake turo mai daga tanki, injekta ta fesa shi cikin inji. Baba yana alfahari da wannan ƙwarai, kuma ba ya ba kowa makullinta.

Sau ɗaya ya ba ni, a daminar da kogi ya cika ya hau hanya. Ya aike ni kai wa ƙanwarsa buhun gero, ya ce in na ga ruwa in juyo. Na ga ruwan, na ƙi juyowa. Na kutsa har ya taɓa ƙofa, na fita lafiya, na dawo gida ban gaya masa ba, amma taɓon da ke jikinta ya gaya masa. Kwana biyu bayan haka motar ta fara ciwonta. Ka murɗa makulli ta tashi garau, kafin ka ƙirga biyar ta yi tari ta mutu. Ka sake, haka. Ko ka taka totur ba ya hana ta.

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba kai ba ne." Na ɗauka kara ce irin ta manya. Sau biyu ina kawo makanike, yana sallamarsu tun daga zaure, yana cewa a bar ta ta huta. Wannan kuma na ɗauke shi fushi. Tun daga lokacin ya daina zuwa kasuwa da kansa, ya daina zuwa fadama, ya zama mutumin tabarma da rediyo. Kowace Juma'a da hantsi yakan shiga ya tayar da ita don kada injin ya ƙame, ta mutu, ya fito ya goge gilashi. Ina jin wannan ƙarar daga ɗakina, ina jin kamar da ni take magana. Har ya rasu ban daina ganin ni na zaunar da shi ba.

Washegarin maganar Inna na je na ɗauko wani dattijon makanike da ya yi shekaru a garejin Kano kafin ya dawo gida. Ya zagaya motar yana dariya.

"Ɗana, wannan ai sa'ar kakarka ce. Ka ce ruwa ta sha?"

"Har ƙofa, Malam."

"To kifi ka zo nema a ciki ko gyara?"

Ban yi dariya ba, shi ma ya bari. Muka sa batir mai ƙarfi, muka zubar da tsohon man da ya yi wari, muka wanke tanki. Ba ruwa a ciki, ko ɗigo. Ya canza filta, ya goge fulogi. Ta tashi, ta mutu. Rana ta farko ke nan.

Rana ta biyu ya ce in kwanta ƙasa kusa da tayar baya in kasa kunne, shi zai murɗa makulli. Na ji famfon mai yana zuza muddin sitata mai tayar da injin tana juyawa. Yana sakin makulli, zuzar ta ɗauke, injin ya ci ɗan man da ya rage a bututu ya tsaya.

"Famfon lafiyarsa lau," in ji shi. "Wuta ake ɗauke masa. Irin waɗannan, lokacin tayarwa sitata ce take ba shi wuta. In motar ta tashi kuma, akwai wani marfi a cikin akwatin iska, iska tana ture shi sai ya haɗa wa famfo wuta. An yi haka ne don in inji ya tsaya a haɗari, mai ya daina zuba."

Ya buɗe akwatin iskar, yana zaton zai tarar da tsatsa. A bushe yake, marfin yana motsi sumul. Sai ya bi wayar da ta fito daga nan, yana matsa ta da yatsa a cikin baƙar robar da ta lulluɓe ta, har ya kai bayan batir. Nan ya tsaya. Ya tsaga robar da reza, ya yafuto ni.

"Zo ka gani. Ruwa ba ya yin wannan. Ɓera ma ba ya yi."

An yanke wayar da wuƙa, yanka ɗaya. An lanƙwasa kowane baki, an naɗe shi da leda don kada ya taɓa ƙarfe, sannan an ɗaure su gefe da gefe da koren zaren komar kamun kifi. Na san ƙullin. Da shi Baba yake ɗaure bakin buhun tattasai, da shi ya gyara min igiyar takalmi ina yaro, ƙullin masu saƙa koma ne wanda ba ya zamewa. Duk gidanmu ba wanda ya iya shi sai shi.

Na zauna a ƙasa. Dattijon yana ta magana, wai wanda ya yi wannan ya san mota, ya bar wa waya tsawo don a iya mayar da ita cikin minti biyu. Ina jinsa kamar daga nesa. Na karɓi rezar na yanke zaren ta gefe don kada ƙullin ya warware, na shiga wajen Inna da shi a tafin hannuna.

Ta dube shi, ba ta yi mamaki ba.

"Inna, kin sani?"

"Ni na miƙo masa zaren."

Ta ce washegarin dawowata daga ruwan Baba ya fita da motar zuwa kasuwa. A bakin gada wata mata tana tafe da ƙwaryar nono da goyo, bai gan ta ba sam, sai ihunta ya ji. Allah ya kiyaye, ƙwaryar kaɗai ta fashe. Ashe ya daɗe idonsa yana rufewa daga gefe, bai gaya wa kowa ba. Da ya dawo, ya ce in dai motar tana tafiya ya san wata rana zuciyarsa za ta rinjaye shi ya sake fita. Sayar da ita kuma ba zai iya ba, kuma ba ya so a riƙa cewa a gari ya makance.

"Shekara biyu, Inna. Ina ganin ni ne."

"Ai ya gaya maka ba kai ba ne. A gabana ya faɗa."

"Na ɗauka kawaici yake yi."

"Shi kuma ya ɗauka ka ji." Ta gyara mayafinta, muryarta ta yi ƙasa. "Na so in faɗa maka, ya hana ni. Da ya tafi kuma bakina ya kasa. Shi ya sa na ce a wannan motar nake so."

Ban san abin da ya fi yi min nauyi ba a lokacin, sauƙin da na ji ko tunanin Juma'o'in nan da yake shiga ya tayar da motar da ya san ba za ta tafi ba. Har yau ban raba su ba.

Da na fito, dattijon ya riga ya haɗa wayar ya naɗe ta. Ya miƙo min makulli. Na murɗa, bakina yana ƙirge da kansa. Na kai biyar, na kai goma, na kai ashirin, tana ta aiki a hankali.

Ranar da Inna ta fita takaba muka kama hanya bayan sallar asuba, da gari ya waye. Ruwa ya janye, an shuka albasa a gefen hanya inda na kutsa a wancan lokacin. Da muka zo bakin gada ta ce in rage gudu, na rage. Zaren yana aljihun gaban rigata, na sa hannu na taɓa shi, muka wuce.