Ranar da Na So In Rage wa Hajiya Magana

Shekarun baya, wajen 2013, ina karatu a Alƙahira, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir. Lokacin ina ji da Larabcina, duk wanda ya zo jinya daga gida ni ne tafintansa, har da 'yar taƙama.

A haka na san wasu mutanen Gusau su uku: wani magidanci, da matarsa Hajiya, da ƙanensa mai ciwon ƙoda. Wan ne zai ba ƙanen ƙodarsa ɗaya. An gama gwaje-gwaje, saura kwana huɗu a yi aiki.

Wata Talata bayan azahar wan ya fita sayen burodi, mota ta buge shi. Ko da muka isa asibiti da Hajiya, likitoci sun daɗe a kansa suna danna masa ƙirji. Can likitar sashen gaggawa ta fito ta ce zuciyarsa ta tsaya, sun yi iya yinsu.

Hajiya ta yi salati a hankali, ta goge fuska. Sai ta ce, "Malam, gaya mata su cire ƙodar yanzu su ba ƙanensa. Abin da ya kawo mu ke nan."

Na fassara. Likitar ta jawo kujera ta zauna gabanta. Ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ba zai yiwu ba. Ƙoda ba ta jure rashin jini, irin wannan aiki sai da likitocin dashe a tsaye cikin 'yan mintoci, kuma a ƙasar ba a ma fara ɗauka daga jikin mamaci ba.

Na dubi Hajiya. Na ce, "Ta ce za su duba."

Likitar ba ta jin Hausa, amma ta kama ni. "Na yi dogon bayani, kai ka faɗi 'yan kalmomi. Gaya mata duka, haƙƙinta ne."

Kunya ta rufe ni. Na maimaita komai tiryan-tiryan. Hajiya ta ce, "To, Allah ya ga niyyarsa."

Likitar ba ta tashi ba. Ta tambayi ko akwai sauran 'yan'uwa a gida, ta kira likitan ƙodar a gabanmu ta roƙe shi kada a rufe maganar dashen. Bayan wata biyar ƙanwarsu ta zo, jininsu ya dace, aka yi aikin. Ƙanen yana nan da rai, har ya aurar da 'yar marigayin.

Na ɗauka tausayi ne ya sa na rage maganar. Daga baya na gane kaina na tausaya wa, don kada mugun labari ya fito daga bakina. Da an biye mini, da Hajiya ta wuni a ƙofar nan tana jiran aikin da ba za a yi ba, mijinta kuma yana ciki yana jiran sutura.