Hotunan Ɗan Wata a Wayata

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na kai wayata gyara a Rikoto, nan garinmu Zuru.

Tsohuwar waya ce 'yar gwanjo, na saye ta komai nata cikin Sifaniyanci. Ni kuwa da taurin kai na ƙi canjawa, na ce da ita zan koyi yaren. A hankali na gane "guardar" adanawa ne, "enviar" aikawa, "borrar" kuma gogewa. Gidanmu har tsokanata suke yi, wai Baturiyar Zuru.

Da ta fara mutuwa da kanta, mai gyara ya ce sai an wanke ta tas, wato a goge duk abin da ke cikinta. Har ya jona ta da kwamfuta, sai saƙo ya faɗo ta akwatin imel ɗin mai ita na farko, wanda ban taɓa rufewa ba. Rubutun ya fi ƙarfina, amma na tsinci "no borrar" da "fotos". Sauran na duba a ƙamus na wayar mai gyaran. Wata uwa ce a Sifen. Wayar ta ɗanta ce, ya rasu, kuma hotunansa na ciki.

Nan take na tuna da gida. Yayanmu soja ne, ya tafi bai dawo ba, hotonsa ɗaya tak mahaifiyarmu take da shi.

"Dakata, kar ka taɓa!" na ce.

"Malama, mi ya faru? Wannan wayar ko yanzu tana iya ɗaukewa gaba ɗaya."

Na fizge ta na hau acaɓa zuwa gindin dutse, inda sabis ya fi ƙarfi. Na nemo hotunan a wata ma'ajiya da ban taɓa buɗewa ba: saurayi ne mai yawan dariya. Na fara tura wa uwar. Wayar ta mutu, na kunna, ta sake mutuwa. Ga gargaɗin caji ya kusa ƙarewa. Wallahi addu'ar da na yi a wurin nan ko a jarrabawa ban yi irinta ba.

Hoton ƙarshe na wucewa, sai ga saƙon murya daga uwar. Kuka take yi, ban gane komai ba sai "gracias", wato na gode. Wayar ba ta ƙara tashi ba.

Na koyi cewa ba sai ka ƙware a yare zai yi wa wani rana ba. Da na koma gida na ɗauko hoton yayanmu na kai wa mai hoto ya wanko mana wani kwafin.