Guntun da Bai Sauka a Jidda Ba

Duk wanda ya zauna Droum a shekarun fari ya san Nomau mai haƙar kabari. Dogo ne, ga rowar magana, yana ɗan ɗingishi tun ranar da rijiya ta rufta masa a ƙafa yana saurayi. Ba gadon haƙa ya yi ba, manomi ne kamar kowa. Sai dai duk ranar da aka yi rashi shi ake fara gani a maƙabarta, har mutane suka sakar masa aikin.

Al'adar garin, in mutum ya cika sai a samo karan dawa a auna tsawonsa, a kai wa masu haƙa, in an gama a binne karan tare da shi. To, a farin tamanin da huɗu ina aka ga kara? Har dangar gidaje an kwance an zuba wa awaki, kuma ba su rayu ba. Sai Nomau ya koma awo da sandarsa, wata doguwa ta icen aduwa mai ƙarfe a gindi, wadda yake fasa ƙasa mai tauri da ita. Ya kwantar da ita gefen mamaci, ya sa wuƙa ya yi tsaga daidai kai. Sanda kuwa ba ta binnuwa, don gobe ma akwai aiki. Kafin ruwa ya dawo, jikinta duk ya cika da tsage.

Nomau bai san boko ba, bai san ajami ba, amma da ya ɗora babban yatsa a kan tsaga sai sunan mai ita ya faɗo masa. Ta matarsa Kande tana can sama, daidai kafaɗarsa. Can ƙasa kuwa, daga cinya zuwa gwiwa, inda tsawon ƙananan yara yake tsayawa, tsagen sun cunkushe har suna hawan juna.

Damina ta dawo, gero ya yi, amma gajiyar Nomau ba ta fita ba. Da ɗansa Suma'ila, direban kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Arlit, ya biya masa kujerar Makka, tsohon ko murmushin kirki bai yi ba. Abu ɗaya ya sa ya yarda. An binne mutanen nan cikin gaggawa, wasu mutum huɗu kacal suka yi musu salla, abin yana cin ransa. Yana so ya tsaya a Arfa ya kira kowa da sunansa, ya roƙa masa gafara.

Sai aka ce masa ai ba a shiga jirgi da sanda mai tsawon nan. Suma'ila ya kai shi Zango, cikin Damagaram, wurin Alkasum maƙerin tagulla. Kai, ranar Alkasum ya sha fama! Duk inda ya ɗora zarto sai tsohon ya kama masa hannu, wai akwai mutum a nan. Da ƙyar suka samu wuri biyu da babu kowa. Aka yanka ta uku, aka sa mata bakin tagulla, a murɗa ta haɗe, a warware ta shige jaka. Alkasum ya ba shi shawara a cire ƙarfen gindin, don masu jirgi ba sa son ganin ƙarfe mai tsini. Nomau ya ƙi. Daga bakin ƙarfen nan yake fara awo, in an cire shi an rage wa kowa tsawo ke nan. Taurin kai irin na Nomau, wa ya isa?

A filin jirgi wani jandarma ya buɗe jakar, ya zaro guntun mai ƙarfe, ya ajiye gefe. Ya ce biyun su wuce, wannan sai dai ya bi manyan kaya.

"Ɗana, yara ne a jikinsa," in ji Nomau.

"Baba, oda ce, ba ni na yi ta ba. Za ka same shi a Jidda."

Ba mugu ba ne yaron, shi ma tun safe yake tsaye. Da hannunsa ya ɗaura wa guntun takarda, ya ɗora shi a kan tarin akwatuna.

A Jidda akwatuna suka fito, buhuna suka fito, har butar wani ta fito. Guntun bai fito ba. Nomau ya yi ta bin ma'aikata yana kwatanta musu da hannu, ba mai jin bakinsa, har ayarinsu ya tashi.

Ranar Arfa ya haɗa guntaye biyun da suka rage. Manya suka zo masa a jere, Kande ce ta fari, bai tsallake kowa ba. Da ya zo kan ƙanana sai ya sunkuya yana lalube a jikin ƙafarsa, inda sandar take jingina in yana tafiya. Ya san su ashirin da uku ne. Indo ta kawo nan. Tanimu ya ɗan ɗara ta. Wasila da ƙanenta kusan tsaga ɗaya. Ya bi daga sama, ya bi daga ƙasa, har rana ta faɗi. Ashirin da biyu suka zo.

Da ya dawo Droum, masu zuwa gaida Alhaji suna jiran labarin Makka, shi kuma yana tambayarsu ɗan wa aka binne a farin nan wanda bai ambata ba. Ya bi gida gida, iyaye mata suka lissafa masa nasu, duk yana da su. Wasu suka ce ƙila na mutanen arewa ne da suka yada zango bayan gari a lokacin, suka wuce ba a san inda suka nufa ba. Liman ya ce masa Allah ya san sunan, ya kwantar da hankalinsa. Nomau ya ce ya sani.

Bai sake riƙe wata doguwar sanda ba. Har ƙarshen ransa yana zaune a ƙofar gida da guntayen biyu a cinya, kuma in baƙo ya tsaya neman ruwa sai ya bari ya sha tukuna, sannan ya kai hannu daidai gwiwarsa.

"Ko kun taɓa barin wani yaro a garin nan? Nan ya kawo."